Ludayin Apa Kaoy da Ɓaunar Mai Gari

Ranar walimar buɗe noma, a ƙauyen Lam Pineung da ke gindin duwatsun ƙasar Aceh, mazan gari suka ci abinci da azahar, ba su farka ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Liman ne ya fara buɗe ido. Da ya dubi inuwa ya ga la'asar ta wuce shi, abin da bai taɓa samunsa ba tun da aka ba shi limanci, sai ya yi salati da ƙarfi har ya tada na kusa da shi. Maza suka riƙa miƙewa daga ƙarƙashin itatuwan kwakwa, ido ja wur, maƙogwaro a bushe, kowa yana kallon ɗan'uwansa cikin kunya. Mata ba su ga wannan abin ba, domin su kaza suka dafa a nasu ɓangaren, kuma tun bayan addu'a suka kwashe yara suka koma gida.

Ana cikin haka mai gari Ubit ya yi ƙara. Ɓaunarsa ta huɗa, wadda ya ɗaure a gindin mangwaro don liman ya tofa mata addu'a, babu ita. Ba tsinke igiyar aka yi ba, kwance ta aka yi a natse.

Aka juya neman Pawang Leman, mai bin sawu na yankin, wanda ake aiko masa daga garuruwa masu nisa idan dabba ta ɓata ko damisa ta ɗauki akuya. Aka same shi a bayan wani kututture, baki buɗe, ƙuda yana yawo a gemunsa. Ya wanke fuska, ya gyara ɗamararsa, ya sunkuya a gindin mangwaron. Sawun ɓaunar a fili yake. Ya bi shi har bakin fadamar shinkafa, nan ya tsaya cak, domin ga farin ƙyalle a kan gora yana kaɗawa. Daga lokacin da aka kafa ƙyallen nan bayan addu'ar walima, ƙafar mutum ba ta taka gona sai kwanakin hani sun cika. An kuma riga an buɗe madatsa, ruwa yana malala a hankali yana shafe komai.

"Pawang, shiga mana!" in ji mai gari. "Ni ne mai gari, na yafe maka."

"Ranka ya daɗe, ba kai ka hana ba, balle ka yafe," in ji Pawang. "Ɓarawo ya taka, wannan tsakaninsa da Allah. Ni ba zan sa tsutsa ta cinye shinkafar gari saboda ɓauna ɗaya ba, ko da ta mai gari ce."

Liman ya gyaɗa kai. Pawang kuwa a ransa ya fahimci abu guda: wanda ya yi wannan ɗan gari ne, ya san inda doka za ta tsayar da mai bin sawu.

*

Mutum ɗaya ne kawai aka san bai yi barci ba, shi ne Apa Kaoy, wato Baba Kaoy, mai dafa miyar walima. Aka same shi a bakin rafi yana goge ƙaton kaskonsa da ɓawon kwakwa. A gidansu ludayin walima yake tun zamanin kakansa. Ludayi ne na ƙoƙon kwakwa mai doguwar ƙota, maiƙo ya ratsa shi har ya yi baƙi yana sheƙi, kuma ba a aure, ba a mauludi, ba a sadakar mamaci a ƙauyen sai da shi.

"Kai ka zuba mana wiwi!" wani ya faɗa. "Kowa ya san kana zubawa!"

A wancan zamani wiwi tana fitowa a tsakanin shukar taba a kowace gona, don tana korar ƙwari, ba wanda ya ɗauke ta wani abu.

Apa Kaoy ya miƙe a hankali. "Ina zubawa," ya ce. "Ɗan tsinken yatsa na irinta, a niƙe, don nama ya yi laushi. Haka ubana ya yi, haka ubansa ya yi. Ubanka ya ci, kai ma ka ci tun kana yawo ba wando. Yaushe ka taɓa rasa la'asar?"

"To me ya sa kai ba ka yi barci ba?"

"Don mai dafuwa shi ke ci a ƙarshe, ku kuwa kun lashe kaskon kamar an sako ku daga kurkuku. Da farar shinkafa da gishiri na wuni."

Aka yi 'yar dariya, amma ba ta kashe wutar ba. Mai gari ya miƙa hannu ya ɗauke ludayin daga kan dutse. Ya ce ludayin zai zauna a wurinsa har ranar da za a cire farin ƙyalle, kuma idan ranar ta zo ɓauna ba ta dawo ba, gidan Kaoy sun rabu da kaskon gari har abada, shi kuma ya nemi wani ƙauyen. Tsohon bai roƙi kowa ba. Ya ɗauki kaskonsa ya kifa a ka, ya wuce ta tsakiyar mutane, suna darewa.

Pawang ya bi bayansa. Tare suka yi ƙuruciya, kuma tun daga lokacin ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Tsohon banza," Pawang ya ce, "ka kwantar da ni a gaban jama'a, ƙuda yana kiwo a gemuna."

"Ai ya samu abin ci. Ka zo ka tambaye ni ko ni ne?"

"Da kai ne, da ka bar wa kanka nama. Faɗa mini abin da ya shiga kaskon."

Apa Kaoy ya ce abin da aka saba ne. Kowane gida ya kawo nasa, wani kwakwa, wani barkono, wani man kwakwa a cikin gora. Gorunan mai kamarsu ɗaya, an jera su a gefe, shi kuma ya tuttula su gaba ɗaya cikin kayan yaji. Sannan ya ɗauko wani ɗan ƙoƙo daga ƙugunsa. Kafin ya wanke kaskon ya ga maiƙon da ya kwanta a gefe bai yi masa kama da nasa ba, ya kankare ya ajiye.

"Duba," ya ce. "Man miyata ja ne. Wannan da kore-kore a cikinsa. Leman, ba a cikin kaskona aka yi wannan ba. Kammalalle aka kawo shi."

Sai ya juya baya yana gyara itacen murhu wanda ba ya bukatar gyara. Pawang ya karɓi ƙoƙon ya fita.

*

Da safe ya fara da Banta, mai yankan katako, wanda duk gari ya san ba ya rabuwa da hayaƙi, kuma aka ce an taɓa ganinsa yana soya ganyen wiwi a mai. Ya same shi zaune a matakalar gidansa ya riƙe kai.

"Apa Pawang, wallahi har yanzu ƙasa juyawa take yi. In ka gano wanda ya haɗa abin nan, kafin a kama shi ka ce ya koya mini."

"Ba ka da kunya. Ina naka man?"

Banta ya shiga ya fito da kwalba. Abin da ke ciki baƙi ne kamar kwalta, yana warin ƙauri. Pawang ya shinshina ya kawar da kai.

"Da wace wuta ka yi wannan?"

"Da wutar da nake da ita mana. Na hura ta sosai don a gama da wuri, ina da aiki a daji. Na sha cokali, ban ji komai ba sai ciwon ciki. Matata ta ce in na sake ƙona mata kasko za ta koma gidansu, ni kuma na ce ta bari sai bayan girbi."

Pawang ya dubi murhun gidan, ya ga baƙin hayaƙi ya hau har jinka, ya dubi mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ya gama magana. Ya mayar masa da kwalbarsa.

Daga nan ya gangara gidan Nyak Sapiah, tsohuwar da ke matsar man kwakwa, wadda kuma take haɗa man shafawa ga masu ciwon gwiwa. A hanya mutane biyu suka tsayar da shi suka raɗa masa cewa in ba Kaoy ba ne, to ita ce, domin ita kaɗai ta san sirrin mai. Ya tarar da ita tana shanya kwakwa a tabarma. Ya ba ta ƙoƙon. Ta lakato da yatsa, ta murza, ta ɗaga wa rana, ta daɗe tana kallo.

"Wannan hannu ya iya," ta ce. "Ka ga bai ƙone ba, kuma ba ɗanye ba ne. Ganyen nan mai zuciya ne, Leman. In ka ba shi wuta mai fushi, ƙarfinsa ya bi hayaƙi ya tafi, ya bar ka da ɗaci. In ka yi masa rowar lokaci, ya ƙi ba mai abin da ke jikinsa. Sai zafi mai ladabi, wanda ba ya hawa ba ya sauka, a yini ana lallashinsa."

"Kamar yadda kike yi ke nan."

Ta ajiye ƙoƙon ta dube shi sama da ƙasa. "Kai, ɗan Halimah! Ni na yanke wa ƙanenka cibiya, yau ni kake wa kallon ɓarauniya? In ja ɓauna da wace ƙafar? Ranar da nake haɗa na masu gwiwa, ɗan kaɗan a ƙaramar tukunya, warinsa har masallaci yake kaiwa, liman ya aiko a ce in ji tsoron Allah. Man da zai kwantar da mazan gari, ai sai gari duka ya toshe hanci. Ka ji wani wari a kwanakin nan?"

Pawang ya girgiza kai. Bai ji ba, kuma shi hancinsa yana gane inda barewa ta kwana.

"In aiki kake nema," ta ci gaba, "ka bincika mini abin da ya sami agwagina. Ana saura kwana kaɗan walima suka dawo daga rafi suna tangaɗi kamar 'yan caca da suka ci riba. Ɗaya ta kwanta a bakin ƙofa, na ɗauka ta mutu, har na ɗora ruwan figa, sai ta tashi ta cinye abincin kaji."

"Ta wace hanya suke dawowa, Nyak?"

"Ta bayan gida. Su ma za ka kama su ne?"

*

Bayan gidan laka ce mai laushi a ƙarƙashin inuwa, irin wadda take riƙe sawu ta daɗe. Pawang ya durƙusa. A cikin tarin sawun agwagi ya ware waɗansu tsofaffi da suka bambanta: ƙafa tana hawa kan ƙafa, ga shatar ƙirji inda tsuntsu ya kife, ga jan fiffike. Ya yi murmushi. A rayuwarsa ya sha bin sawun damisa da na giwa, bai taɓa zaton a tsufansa zai bi na agwagwa mai maye ba. Ya bi shi baya-baya, yana hawan rafi, kuma yana tafe sawun yana ƙara miƙewa, alamar yana kusantar inda suka ci abin kafin ya kama su.

Tun kafin ya kai hancinsa ya gaya masa inda za shi. Ƙamshin nilam ne, ganyen turaren nan da ake turarawa a tatsi mansa, ƙamshi mai nauyi wanda yake danne duk wani wari ya kuma manne wa tufafi. Matatar man nilam ce a saman rafin, ta wani ɗan gari mai suna Budin. Wutarta takan yini ta kwana tana ci, ba mai tambaya, domin haka aikin yake.

Budin ba ya nan. Pawang ya zaga bayan rumfar, inda ake zubar da dusar ganyen da aka gama tatsa. Agwagi sun tona gefe ɗaya. A ƙarƙashin dusar nilam ya sami wata dusa daban, a dunƙule, an matse ta da ƙyalle, tana maiƙo. Ya shiga cikin rumfar ya tsaya a gaban kwamin ruwan da bututun tururi yake ratsawa don ya huce. Ya tsoma hannu. Ko da wuta ta mutu, ruwan da ɗumi. Ya san idan ana aiki ruwan nan yana zafi ya fi ƙarfin hannu, amma ba ya tafasa, kuma haka yake zama daga safe har dare. A sandar da ke bisa kwamin akwai sabuwar shatar igiya.

Ya ɗaga kai ya duba cikin jinka. Can a kurya aka cusa wata tukunyar ƙasa. Ya sauko da ita, ya juya ta, ya daɗe yana kallon gindinta. Sannan ya naɗe ta a mayafinsa.

Yana saukowa ya tuna da shari'ar bara. Ɓaunar mai gari ta kwance ta tattake gonar nilam ɗin Budin ana gab da yanka, aka kai ƙara gaban mai gari, mai gari ya ce laifin shinge ne.

*

Bayan sallar la'asar aka taru a zauren masallaci. Mai gari yana gaba, ludayin a gefensa. Banta ya jingina da ginshiƙi, Nyak Sapiah tana bakin ƙofa tare da mata, Budin yana sahu na biyu yana jan carbi. Apa Kaoy ya ƙi hawowa. Ya zauna a ƙasa a gindin matakala, ya ce wanda aka kira ɓarawo ba ya zama a tabarmar mutanen kirki.

Pawang ya miƙe. Ya ce ƙyalle ya hana shi bin sawun ɓauna, don haka ya bi sawun wuta. Ya ajiye ƙoƙon Apa Kaoy da kwalbar Banta gefe da gefe.

"Wannan baƙin na Banta ne. Wanda ya yi shi ba zai iya kwantar da kyanwa ba."

"Na gode, Apa," in ji Banta. "Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba."

"Wannan kuwa shi muka ci. Nyak Sapiah ta ce yini guda yake so a kan zafi marar hawa da sauka, kuma warinsa ba ya ɓoyuwa. Kaskon Kaoy a kan kututturan wuta yake tafasa, a gabanku duka. To wa ke da zafin da ba ya tafasa, da warin da ke rufe wari?"

Kawuna suka fara juyawa. Budin ya ajiye carbi.

"Pawang, ka ji tsoron Allah. Tare muka kwanta, tare muka tashi. Kusa da liman aka tashe ni."

"An tashe ka, gaskiya ne, amma mai barcin ƙarya ma ana tashinsa. Wannan tukunyar taka ce?"

Ya kwance mayafin. Budin ya ce tasa ce, ta dafa shinkafa ce idan ya kwana a matatar nilam.

Pawang ya kifa ta ya ɗaga sama don kowa ya gani. "Mata, ku ne masu tukwane. Kun taɓa ganin tukunyar shinkafa da gindinta bai san wuta ba?"

Gindin fes yake, ja kamar ranar da aka gina ta. A jikinta kuwa, daga waje, wani farin zobe ya kewaye ta, irin wanda ruwan zafi yake bari idan abu ya daɗe a tsome. Aka miƙa wa Nyak Sapiah. Ta shinshina bayanta, ta ce nilam. Ta shinshina cikin, ta goga yatsa, ta nuna kore-koren maiƙo.

"A kwamin matatarsa aka rataye ta," ta ce. "Kai, Budin, ashe kana da wannan haƙurin ka bar uwarka da ciwon gwiwa?"

Pawang ya zazzage dunƙulen dusar a gaban mai gari. Budin ya dubi tukunyar, ya dubi ƙofa, ya ga mata sun cika ta. Sai kafaɗunsa suka sauka.

"Tana kurmin surukina, a ƙetaren fadama," ya ce. "Ban sayar ba, ban yanka ba. Aikina na shekara guda ta tattake, aka ce shinge. Na so shi ma ya ga lokacin huɗa ya zo ba shi da abin huɗa."

Liman ya yi gyaran murya. Ya ce maganar gonar nilam za a sake duba ta, kuma ba mai gari ne zai yanke ba. Amma Budin ya taka gona a ranar hani, ya sa gari ya rasa salla, ya kuma zauna yana jan carbi ana korar dattijo a kan laifinsa. Wannan na ƙarshen, in ji liman, shi ya fi nauyi. Aka tashi mutum biyu su zaga ta hanyar dutse su taho da ɓaunar.

Mai gari ya ɗauki ludayin ya miƙa wa na kusa da shi ya ce a kai wa Apa Kaoy. Pawang ya tare hannun.

"Ranka ya daɗe, da hannunka ka ɗauka."

Mai gari ya janye hannunsa da ludayin. Sannan ya miƙe, ya ratsa sahu, ya sauka matakala ba takalmi, jama'a suna leƙe ta tagogi. Ya tsaya a gaban tsohon, ya riƙe ludayin da hannu biyu, ya rusuna.

"Apa, mun yi maka ba daidai ba. Ni na fi kowa. Ka yafe."

Apa Kaoy bai yi gaggawa ba. Ya tashi, ya kaɗe zaninsa, ya karɓa. Ya juya ludayin, ya shafa ƙotar, ya kai shi hanci. Nan take fuskarsa ta ɗaure.

"Wa ya wanke shi da sabulu?"

"Mai ɗakina ce, Apa. Ta ga ya yi baƙi, ta ce..."

"Baƙi! Maiƙon kakana ne, Ubit! Kwana ɗaya a gidanka kun kankare abin da aka yi zamani uku ana tarawa!" Ya saɓa ludayin a kafaɗa kamar bindiga. "Na yafe maganar sata. Ta sabulu kuwa, idan ɓaunar ta dawo ka nemo akuya mai ƙiba, a fara mayar masa da abin da aka cire. Leman, kai za ka hura wuta."

"Ni mai bin sawu ne, tsohon banza, ba yaron murhu ba."

"Mai bin sawun agwagwa. Taho da itace."

Ya juya ya kama hanyar gida, kansa a sama, mutanen da suka yi masa ihu jiya suna biye da shi a baya, ba wanda ya yarda ya wuce gabansa. Iyakar abin da ya faru ke nan a Lam Pineung a shekarar, Allah kuwa Shi ne mafi sani.